WANKAKKIYAR ƘASA

Shafi na 23

Masu turo min saƙo tun jiya kuna cewa Sahura ta cika tsirfa, na ji ku. Wata ma cewa ta yi da ita ce Halilu, da tuni ta mayar da ita gidan ubanta ta huta. To, ku karanta wannan shafin tukuna, sannan mu yi maganar.

Wanda kuma yau ya shigo, ga inda muke. Wata biyar Sahura da mijinta Halilu suka yi suna neman inda za su koma da 'yarsu Amira, don gidan da suke haya a Anka an sayar, sabon mai gida ya ba su zuwa Juma'ar nan. Fili a cikin Anka ya fi ƙarfin mai gyaran injin ban-ruwa. Adabka akwai araha, akwai gona, amma ranar da suka je a babur sau uku suna sauka suna turawa, Sahura ta ce ba za ta zauna inda mai naƙuda za ta haihu a hanya ba. Sai bayan garin Gummi, bakin fadama. Ga mangwarori, ga wata ƙatuwar ɗorawa, ga sanyin gulbi, ga masu noman rani da injinansu kullum cikin lalacewa, abincin Halilu ke nan. Filin kwari ne, shi ya sa ya yi sauƙi.

Duk inda suka je tambayarta ɗaya ce: an taɓa niƙa dutsen zinare a nan? A Gummi mutum huɗu ta tambaya, har da wata tsohuwa mai sayar da daddawa, duk suka ce a'a. Sannan ta ce a saya.

Yau Laraba da hantsi suka zo ganin ɗaki biyun da aka gama, su uku da Inna, mahaifiyar Halilu.

Halilu ne a gaba, baki har kunne. Ya ture zanar da aka kare ƙofa da ita, ya matsa gefe kamar mai nuna amarya.

Rabon Sahura da wurin tun yana kwari mai ciyawa da kwaɗi. Yanzu tsakar gidan ta taso, ta baje sumul daga bango zuwa bango.

Inna ta tafa hannu.

"Tubarkalla. Dibi tsakar gida kamar an tankaɗe, ko tsakuwa guda babu. Sauke ɗiyag ga ta sha iska, tun sahe tana bisa baya."

Sahura ba ta musu da Inna. Shekara uku da aure, ko labulen ɗakin tsohuwar ba ta taɓa ɗagawa ba. Kullum da safe daga bakin ƙofa take durƙusawa ta gaishe ta, ta miƙa Amira ta gefen labule, ta wuce wurin koyon ɗinki. Kunyar suruka ce irin ta da, kuma Inna na alfahari da ita a cikin ƙawayenta.

Don haka ta kwance goyon ta zaunar da yarinyar a inuwar bango. Dama mako biyu ke nan Amira ba ta da daɗi, ta ƙi abinci, sai rigima da ɗan amai. Inna ta ce haƙoran turame ne, in sun fito za ta ware.

Sahura ta cire takalmi za ta leƙa ɗaki.

Ƙafarta ce ta fara ganewa kafin idonta.

Ta tsaya cak. Ta murza tafin ƙafarta a ƙasa, ta sake murzawa. Ta sunkuya ta ɗebo da hannu. Ba jar ƙasar wurin ba ce, ba kuma yashin gulbi ba ne mai kaushi. Laushi gare ta kamar garin tuwo, launinta toka-toka, in rana ta haska ta sai ka ga ɗan ƙyalli-ƙyalli a ciki.

Ta san ƙasar nan. Da ita ta yi wasa.

Tana 'yar shekara tara a Dareta, babanta kan kawo dutse a buhu, a niƙa, a wanke a tsakar gida a cire zinaren, abin da ya rage a zuba gefe. Duk gidan ba inda ya kai nan daɗin zama. Da ita take yi wa ƙanenta Abdulbasit tuwon wasa, shi kuma ya ci da gaske. A bayanta ya sanƙare, tana goye da shi za ta kai wa babansu fura gona. Ƙanwarta Zinatu ta rayu, amma yau shekararta goma sha bakwai, a baki ake ba ta abinci. Sai daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen.

Ta juya.

Amira ta riga ta cika hannu, hannun yana baki.

Ni dai ban san yadda aka yi ta tsallake tsakar gidan ba. Sai ganin ta aka yi ta fizgi yarinyar, ta zura mata yatsa a baki tana yakucewa. Ta fasa ruwan leda da haƙori ta wanke bakin, ta wanke hannun, ta tuɓe mata riga ta jefar. Amira ta tsala ihu. Sahura ta fice da ita waje, ba ta tsaya ba sai gindin ɗorawa.

Halilu ya biyo ta, Inna na bayansa da takalmin Sahura a hannu.

"Lahiya? Mi anka yi? Kunama ta?"

"Baban Amira, ina kunka samo ƙasag ga?"

Ya saki ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. Ya ce ai ciko ne. Ta manta kwari ne? In ba a cike ba, ruwan farko sai dai su yi iyo zuwa ɗaki. Yayansa Shitu, mai tuƙa tifa, shi ya kawo, tifa huɗu cif, kyauta. Ya ɓoye mata ne don ta zo ta gani ta ji daɗi.

"Ban tambai ka wa ya kawo ba. Ina anka ɗebo ta?"



Halilu bai sani ba. Bai tambaya ba.

Ni kuwa na ce, kai Halilu. Matarka ta tsare mutum huɗu tana bin tarihin fili, kai an juye maka tifa huɗu a tsakar gida ba ka tambayi ko ɗaya ba. Mutumin kirki ne, ba na hana shi, amma da ya ji kalmar kyauta kunnensa ke toshewa.

Inna ta ajiye takalmin a gaban Sahura da ɗan ƙarfi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin inda wa zai yi wa ƙanensa alheri a tsare ana binciken sa kamar ɓarawo ba. Ta ce yaron nan da mansa da ƙarfinsa ya yi, ko ruwan sanyi ba a ba shi ba. In Sahura ba ta gode ba, to ta yi shiru mana.

Sahura ta sunkuyar da kai, amma ba ta ce a yi haƙuri ba. Wannan ne karo na farko.

Suna cikin haka sai ga ƙarar tifa. Shitu ne, ya kawo ƙyamaren ɗakunan kamar yadda aka yi da shi. Ƙaton mutum ne mai fara'a, bai taɓa zuwa wurin Amira hannu rabbana ba. Yau ma ga rake ya yanko mata. Ya diro yana kiran Amira, ya ga fuskoki, fara'ar ta ragu.

Sahura ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta jira ya amsa. Sannan ta maimaita tambayarta.

Shitu bai ɓoye komai ba, don bai ga abin ɓoyewa ba. Da alfahari ma ya faɗa. Ya ce akwai wata tunga a kan hanya inda ake wankin zinare, ƙasar da ta rage ta taru musu tsibi-tsibi har ta hana su wurin aiki. Roƙon masu mota suke su kwashe. Shi kuma duk zuwansa Gummi ɗaukar yashi fanko yake tahowa, sai ya ce me zai hana ya tallafi ƙanensa.

"Sau ukku anka wanke ta da ruwa, Sahura. Da idona na gani. Duk ƙasar ga ba ki samun wadda ta hi ta tsabta."

Allah sarki. Har cikin ransa haka ya ɗauka.

"Zinaren anka wanke, Yaya," in ji Sahura. "Shi sunka ɗauka. Dalmar tana nan, ita ba ta hita da ruwa."

Ya ce haba, wannan ai tsohon zance ne, tun shekara goma sha biyar. Ba an zo an share garuruwan ba? Shi da hannunsa ya yi lodin ƙasar nan, ya shaƙe ta, ya ci abinci bai ko wanke hannu ba, ga shi nan garau.

"Babana ma da hannunshi ya ɗauka. Shina nan garau. Abdulbasit anka ruhe."

Kukan Amira ya koma shessheƙa.

Inna ta gyara mayafi. Muryarta ta sauko, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba.

"Ɗiyata, wanda kwananshi ya ƙare, ko bisa katihwa shike sai ya tahi."

"Gaskiya ta, Inna. Amma ba ni shimhiɗa ma ɗiyata da hannuna."

Halilu ya rasa inda zai sa kansa, ga uwa, ga wa, ga mata. Ya ja Sahura gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ta dubi Allah ta dubi Juma'a, jibi ce. Kayansu a ɗaure suke, mai gida ya riga ya kawo masu fenti. Su shiga hakanan, ya shimfiɗa tabarmi ko'ina, bayan kaka ya zuba siminti a kai. Wa zai ce Amira ta taɓa ƙasa?

Shi kansa ya san maganar ba ta da kai. Yarinyar da ko a masallaci aka ajiye ta sai ta nemo abin kaiwa baki.

Sai ya juya ta ɗaya gefen. Ya ce to shi ke nan, a sayar da wurin, su koma ɗakin da ke zauren Inna kafin Allah ya kawo wani. Da ma ana ta faɗa musu araha ba ta ado.

Nan ne ran Sahura ya ɓaci da gaske. Wata biyar tana yawo a bayan babur da goyo. Ta riga ta san inda za ta dasa zogale, ta san inda za ta kafa turken akuya, ta san reshen mangwaron da za a ɗaura wa Amira lilo. A duk yawonsu nan ne kaɗai ta ja numfashi ta ji ƙirjinta ya buɗe.

"Wurin ga ni na zaɓe shi, kuma ba ni barin shi. Lahiya lau shike kahin a taɓa shi. Ƙasar za ta hita, ba ni ba."

Halilu ya ce tifa huɗu fa.

Ta ce ko arba'in ce. Ta ga yadda aka yi a gidan ubanta, tana tsaye tana kallo. A fara yayyafa ruwa don kada ta tashi. A kankare har sai jar ƙasa ta fito, a ƙara kankarewa. A ɗure a buhuna, a kai wa ma'aikatan lafiya labari su nuna inda za a binne, nesa da rijiya, nesa da fadama, don ba za ta cire wa 'yarta ta zuba wa 'ya'yan wasu ba. Sannan a cike da yashin gulbi, ko da kwano-kwano za ta ɗebo shi. Kafin nan a kafa mata zana a gindin ɗorawar nan, ita da Amira sun samu ɗaki.

Ta tambaya, bangon fa, da me aka yi yaɓe?

Halilu ya rantse da ƙasar filin ce, tun kafin tifa ta fara zuwa. Magina suna nan a tambaye su.

Ta ce alhamdu lillahi. Ta zaunar da Amira a cinyar Inna, ta nufi inda magina suka jingine kayan aiki, ta ɗauki shebur da bokiti.

Mata, ku faɗa min gaskiya, a nan wa ya cika tsirfa?

Halilu ya tsaya yana kallon ta tana ɗibar ruwa a duro. Ya dubi uwarsa, ya dubi wansa. Sannan ya naɗe hannun riga ya tare ta a bakin ƙofa.

"Kawo. Ke koma nesa da ɗiya."

Ta miƙa masa, idonta ya ciko. Tun da suka yi aure bai taɓa burge ta irin na wannan lokacin ba.

Shitu ya daɗe yana juya raken nan a hannu. Ya ajiye shi a kan tayar mota. Ya ce shi ya kawo, shi zai kwashe, ko zai kwana uku bai yi lodin kowa ba. Ya ce wallahi da ya sani ko a tafin takalminsa ba zai shigo da ita ba. Sahura ta ce ta sani, Yaya, Allah ya saka da alheri. Kuma da gaske take.

Da a nan aka tsaya, da na ce an rabu lafiya.

Amma tun da Sahura ta fara bayanin kankara Inna ba ta ƙara magana ba. Tana zaune a kan saiwar ɗorawa, Amira ta yi lamo a ƙirjinta. Tsohuwar sai shafa kan yarinyar take, tana kallon wuri ɗaya.

Sahura ta zo karɓar 'yarta, Inna ba ta saki ba.

"Sahura."

Rabon da Inna ta kira sunanta kai tsaye har ta manta.

"Na'am, Inna."

"Ita gubar ga, mi taka sa ma yaro da hwari?"

Sahura ta ɗauka tsohuwar ta sauko ne tana son ta fahimta, har ta ji daɗi. Ta durƙusa ta fara lissafa mata. Ta ce ba ta nunawa da wuri, shi ne sharrinta. Yaro ya fara ƙin abinci. Ya yi ta rigima ba dalili. Ciki ya ɗaure, ya riƙa amai, jiki ya yi laushi, mutane su ce ai haƙo...

Ta tsaya.

Ta dubi Amira. Ta dubi Inna.

Hawaye ne ke bin fuskar tsohuwar, ba ta ko share ba.

"Ran da Shitu ya biyo da tihwa ta hwari, na taɓa na ji laushi. Nic ce ya aje man buhu biyu. Ɗakina na shimhiɗa, kamar yadda muka yi da rairai can gida. Don ta ji daɗin zama. Nan taka wuni, nan taka cin tuwonta."

"Tun yaushe?"

"Wata guda da kwana tara."

Shebur ɗin Halilu ya daina ƙara.

Wata guda da kwana tara. Kullum da safe Sahura na durƙusawa a bakin ƙofar nan, ta miƙa 'yarta da hannunta ta gefen labule, ta yi godiya ta tafi. Ta zaga Anka da Adabka da Gummi tana tambayar baƙi tarihin ƙasarsu, abin yana bayan labulen da kunya ta hana ta ɗagawa. Taku ɗaya ne. Da ta sa ƙafa sau ɗaya, da ƙafar ta faɗa mata. Baƙin cikin da ta ji a lokacin ba Inna ta ji wa ba, kanta ta ji wa.

Ba ta yi ihu ba. Ta karɓi Amira, ta saɓa ta a baya, ta ɗaure zani ta ƙara majanyi, ta ja shi tamau.

"Yaya, sauke ƙyamaren nan ka juya mota. Asibiti za mu, a ɗibi jininta."

Halilu ya yar da shebur ya nufo su. Ta ce ya tsaya ya wanke hannu da ƙafa tukuna, ya kaɗe rigar nan, kada ya taɓa ta haka.

Inna ta riƙo gefen zaninta tana cewa ta yafe mata, ita ta kashe jikarta da hannunta, ita da ma ta mutu kafin ta ga wannan rana. Sahura ta sunkuya ta kama hannun tsohuwar, hannun da shekara uku ba ta taɓa riƙewa ba, ta tashe ta tsaye.

"Ba wanda ya mutu, Inna. Tashi mu tahi. Ke kin san kwanakin da abin da taka ci, likita shina tambaya."

Shitu ya jefar da ƙyaure na ƙarshe a ƙasa ya haye gaban mota. Sahura ta nufi tifar da sauri, Inna na bin ta tana tuntuɓe.

Saura taku uku ta kai ta ji Amira ta miƙe a bayanta. 'Yan ƙafafun suka ɗaure a kwiɓinta, kan ya tafi baya.

Yara na miƙa in sun farka barci, kowa ya sani. Amma bayan Sahura ya taɓa jin irin wannan sau ɗaya, a hanyar gona a Dareta, kuma bai manta ba.

Ba ta juya ba. Ta kai hannu baya ta tallafe kan 'yarta, ta kama ƙarfen ƙofa da ɗayan.

"Yaya, ta da mota. Wagga ba ni bari."